Kwamfuta Cikin Gafaka

Monitar dama ta sake ɗaukewa a tsakiyar shafi. Da farko rubutun ya yi rawa, sai layuka kore da ja suka ratsa shi daga sama har ƙasa, sannan fuskar ta yi baƙi ƙirin. Ta hagu kuwa tana nan garau da hoton tsohuwar takarda a kanta, ko a jikinta. Mariyatu ta duba agogon hannunta. Ƙarfe tara da minti ashirin na safe, kuma tara daidai ta kunna.

"Ta mutu kuma?" in ji Malam Abdulwahabu, wan mahaifinta, daga kan buzunsa.

"Ba ta mutu ba, Baffa. Suma tay yi."

"Suma huɗu tun jiya. Da mutum na, ai da an aika kiran dangi."

Ba ta yi dariya ba, don yau ba ranar dariya ba ce. Bayan la'asar kwamiti zai zo. Sojoji sun yi alkawarin komawa bariki a ƙarshen watan Mayu, saboda haka duk wani kwamiti da aka kafa a shekarun nan ya tashi haiƙan yana neman abin da zai nuna kafin a kwashe kujeru. Wanda ya taso su gaba shi ne Kwamitin Tattara Tsofaffin Rubuce-rubuce. Ya gina wani ɗaki mai gilasai a bayan gari, yana bin gidajen malamai yana kwashe littattafan da aka rubuta da hannu, wai don kada gara ta cinye. An riga an kwashe gida shida, kuma a cikinsu babu wanda ya sake ganin ko da bangon littafinsa.

Takardar da aka aiko ta bar ƙofa ɗaya tak. Duk gidan da ya nuna yana da na'urar da za ta fito da hoton asalin shafi a gefe guda, da kwafin da aka buga a ɗaya gefen, lokaci ɗaya, har tsawon awa guda a gaban kwamiti, to za a bar masa kayansa. Wanda ya rubuta wannan sharaɗi ya rubuta ne da yaƙinin cewa babu gidan malami a Sakkwato da zai iya cika shi. Bai san da Mariyatu ba.

Littattafai ɗari biyu da sittin da 'yan kai ne a ɗakin da ke bayan zauren, yawancinsu da hannun Malam Siddiƙu, kakan Baffa. Kwamfutar kuwa ba ta da sunan kowane kamfani a goshinta. Mariyatu ce ta haɗa ta da hannunta cikin shekara biyu, a ranakun da ba ta koyarwa a makarantar da take aiki: wannan ɓangare daga Legas, wancan daga Kwatano, wani kuma daga gawar wata kwamfuta da aka jefar a bayan ofis. Wata bakwai tana ɗaukar hoton shafuka da monita ɗaya, lafiya lau. Sai da takardar kwamiti ta zo ta ƙara monita ta biyu, ta kuma ƙara katin hoto na biyu, wato ɗan farantin da ke aika hoto zuwa monita, ta cusa shi kusa da ɗan'uwansa. Tun daga ranar ta rasa kwanciyar hankali.

Ta durƙusa ta kwance igiyoyin gafakar. Tun ranar da shafin farko ya shiga cikin kwamfutar Baffa ya kira baduku ya auna ta, aka ɗinko mata riga ta jar fatar akuya mai zane, irin wadda ake saka littafi a ciki, aka bar baya kawai a buɗe saboda wayoyi. A gidan nan abin da ke ɗauke da sunan Allah ba ya zama a ƙasa, ba ya kuma zama a buɗe. Ita kanta Mariyatu ta ji daɗin rigar, har baƙi take nuna wa.

Ta zare kwamfutar, ta kwance kusoshi, ta cire murfin ƙarfe. Ta musanya wayoyin monitocin biyu, ko laifin na waya ne. Ta ciro katin na biyu ta goge haƙoransa na tagulla, ta mayar da shi wani gurbin. Ta shiga can cikin saitin farko ta canza wanda zai fara farkawa a cikin katunan biyu. Ta goge furogiram ɗin da ke tuƙa katin, ta sake zuba shi daga faifai. Da ta kunna, fuskokin biyu suka haska tare, kamar ba su taɓa yin laifi ba.

"Ga ta nan, Baffa. Taho mu gwada."

"Ki ruhe ta tukuna. Ba ni karatu gaban abu tsirara."

Haka ake yi kullum. Ta mayar da murfi, ta ɗaure kusoshi, ta sa mata rigarta, ta ɗora ta a kan teburi. Baffa ya matso yana karanta hoton hagu da ƙarfi, ita tana bin kwafin dama da yatsa, yadda aka saba gwada kwafi da asali a gidan tun kafin a haife ta. Sun yi shafi uku da rabi. A minti na goma sha takwas layuka kore da ja suka dawo.

Haushi ya turnuƙe ta, har ta ji kamar ta ɗaga abin ta maka da ƙasa. Ta sake buɗe ta ta ciro katin, ya ƙona mata yatsa, ta mayar mata da murfi da riga, ta naɗe katin a gefen mayafi ta fita.

Samun mota ya zama aiki, don rabin motocin garin suna kan layin mai tun shekaranjiya. Sai wajen sha biyu da rabi wata bas ta sauke ta a Gidan Igwai, rana na dukan ƙeya. Shagon Ɗahiru mai gyaran kwamfuta yana tsakanin mai walda da mai sayar da fura, kuma a wurinsa ta samo katin.

"Injiniya da kanta," ya ce. "Lahiya da tsakar rana?"

"Katinka na. Minti ashirin shika yi shi ɗauke."

"Katina ba shi ɗaukewa. Kawo mu gani."

Ya cusa shi a ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke kan bencinsa, ya jona monita biyu, ya kunna. Suka zauna suna kallo. Minti ashirin suka wuce, talatin suka wuce, hoto yana nan daram. Ɗahiru ya sha furarsa ya lashe ludayi, yana dubanta da irin kallon da likita kan yi wa mai ƙaryar ciwo.

"In ba ki shawara, Injiniya? Ki bari su ɗauka. Soja na fa. Ko kin nuna musu monita goma, in sun so kwashewa kwashewa za su yi."

"Su kwashe da ƙarhi, wannan daban. Amma ba su cewa kasawa munka yi."

A minti na arba'in ta miƙa yatsa ta taɓa katin. Ɗumi kawai, kamar kofin shayin da ya huce. Ta dubi yatsan da ya ƙone ɗazu, sannan ta dubi bencin. Kwamfutoci huɗu ne a jere, babu ɗaya mai murfi, hanjinsu duk a waje, ga wata tsohuwar fanka tana hura su.

"Ɗahiru, don mi ba ka ruhe su?"

"Cikin zahin ga? Ai dahuwa za su yi. Balle kati biyu manne da juna, kowa na hura wa ɗan'uwa nai wuta."

Kunya ta rufe ta. Wannan darasi ita take koya wa ɗalibai a makon farko: na'ura tana numfashi, kada a toshe mata hanci. Ƙananan ramukan shan iska suna gefen akwatin, kuma jar fata ta lulluɓe su tsaf. Da kati ɗaya a lokacin sanyi abin ya jure, da kati biyu a watan Maris ya ce bai iya ba. Mako guda tana zargin waya, tana zargin furogiram, tana zargin Ɗahiru, amma ko sau ɗaya ba ta zargi gafaka ba. A idonta gafaka ba wani abu ba ce da aka ƙara, haka ta tashi ta ga duk abin da ke da daraja. Ta karɓi katinta ta yi godiya a tsaye.

Ta tarar da Baffa ya dawo daga sallar azahar yana zaune a zaure. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Rigar ce ke kashe monitar. Kuma ba rigar kaɗai za a cire ba, har murfin ƙarfen, a sa fanka tana hura cikin.

"A'a," ya ce.

"Baffa, saura awa biyu."

"Ko saura minti biyu na. Hannun kakana na ciki, sunan Allah na ciki. In aje shi tsirara gaban baƙi, gaban soja da takalmi? Ki nemo wata dabara, ai don haka anka kai ki boko."

"Babu wata dabara. Ko a tuɓe ta, ko su tahi da littattahan."

"To su tahi da su cikin sutura."

Nan ta ji ranta ya ɓaci sosai, da shi da kwamitin da kanta gaba ɗaya. Ba a ɗaga wa Baffa murya a gidan nan, ita ma ba ta ɗaga ba. Ta tashi ta shiga ɗakin baya, ta ɗauko littafi ɗaya cikin gafakarsa, ta dawo ta ajiye a gabansa.

"Karanta min shahi na hwarko, Baffa."

Ya miƙa hannu zai kwance igiya.

"A'a, kak ka kwance. Karanta shi hakanan."

Ya ɗago ya dube ta.

"In ana karatun littahi, waje shike," ta ce. "In an ƙare a mai da shi. Wagga ma in tana kunne karatunta akai. In mun kashe, ni da kaina ka sa mata rigarta."

Tsohon ya janye hannunsa daga igiyar. Ya shafa gemu, ya dubi littafin, ya dubi kwamfutar. Bai ce ta yi gaskiya ba, don bai taɓa faɗa wa ɗan da aka haifa a gabansa haka ba, kuma ba yau zai fara ba. Sai ya miƙe da ƙyar, ya yi bisimilla, ya kwance igiyoyin rigar da hannunsa, ya ninke ta ya ɗora a kan buzu. Ita kuma ta cire murfin ta mayar da katin gurbinsa.

Ƙarfe huɗu da rabi motar kwamiti ta tsaya a ƙofar gida, da a-kori-kura a bayanta cike da kwalaye marasa komai. Ko kunyar kawo kwalayen ba su ji ba. Shugaban kwamitin, Manjo Ɗanladi, ya shigo da sojoji biyu da wani akawu mai fayil. Ya cire takalmi bayan ya ga kowa ya zuba wa ƙafarsa ido, ya gaida Baffa sama-sama, sannan ya tsaya a kan kwamfutar yana kallon wayoyi da faranti a buɗe, da fankar tsaye da aka kafa a gefenta.

"Wannan ce na'urar? Ai wannan kayan gwangwan ne. Wane kamfani ya yi ta?"

"Ni niy yi ta, ranka shi daɗe," in ji Mariyatu.

"Ke?" Ya yi 'yar dariya. "To a rufe ta mana, a yi abu cikin tsari."

"Takardarku ta ce monita biyu, awa guda. Ba ta ce murhi ba. In na yi kuskure a nuna min wurin."

Akawu ya buɗe fayil ya duba, ya sake dubawa, ya rufe. Manjo ya zauna a kujerar da aka kawo masa, ya cire agogonsa ya ɗora a gwiwa. Ta kunna. Fuskokin biyu suka haska, tsohon rubutun Malam Siddiƙu a hagu, sabon bugu a dama. Baffa ya fara karatu, tana bi.

Zauren ba shi da taga sai wata 'yar kafa a sama, ga mutum shida a ciki. Kafin minti goma sha biyar kakin Manjo ya jiƙe sharkaf a baya.

"Juyo mini da fankar nan," ya ce.

"Aiki takai, ranka shi daɗe."

"Na ce ki juyo ta."

"Na ji. Ba ni juyawa."

Ta faɗa ne ba tare da ta ɗauke ido daga monita ba. Manjo ya yi wa soja ɗaya alama da kai. Sojan ya zo ya ɗaga fankar cak, ya dasa ta a gaban maigidansa. Mariyatu ta san abin da ya rage: babu murfi, amma babu iska, kuma katunan biyu suna manne da juna. Wataƙila su kai, wataƙila ba za su kai ba. Ta miƙa hannu za ta ɗauki wani kwali ta yi fifita da shi, sai ta ga an riga ta.

Malam Abdulwahabu, wanda shekara arba'in almajiransa manya masu gemu suke rige-rigen yi masa fifita, ya jawo maficinsa daga ƙarƙashin buzu. Ya matsa jikin teburin, ya saita hannu daidai bakin akwatin, ya shiga kaɗawa. Bai daina karatu ba. Hannu na fifita, baki na karatu, ido na kan hoton hagu. Da hannun dama ya gaji ya koma na hagu. Sojan da ya ɗauke fankar ya sunkuyar da kai ya koma bakin ƙofa.

A minti na arba'in da biyar rubutun dama ya ɗan yi rawa. Yatsan Mariyatu ya tsaya a kan layin. Baffa ya ƙara wa hannunsa sauri, gumi na bin gemunsa, rubutun ya koma ya zauna. Suka gama shafi na goma, suka shiga na sha ɗaya ba wanda ya ce su tsaya. Akawu ne ya yi gyaran murya ya ce, da 'yar ƙaramar murya, awa ta cika har da minti huɗu.

Manjo ya ɗaura agogonsa. Ya tashi ya zagaya teburin sau biyu, yanzu da wani irin kallo daban, irin na mai taya rago a kasuwa.

"Ba laifi," ya ce. "Littattafai za su zauna. Amma na'urar za ta bi mu. Ranar Asabar za a buɗe cibiyarmu ta bayan gari, manyan baƙi za su zo daga Abuja, kuma wadda muka yi oda ba ta iso ba. Za a kafa wannan a rumfar taro a kunna tun safe, bayan jawabai a nuna wa baƙi aikin kwamiti."

Aikin kwamiti. Shekara biyu na haɗawa da wata bakwai na ɗaukar hoto, duk suna cikin wannan akwati, kuma ta san abin da ya shiga a-kori-kurar nan ba ya dawowa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi. Ta dubi ƙofar ɗakin baya, ta dubi kwalayen da ke jira a waje.

"A sa hannu tukuna," ta ce. "A rubuta gidan ga ya cika sharaɗi, littattahai nai sun zama nai, a buga hatimi. Sannan ku ɗauka."

"Kina ba ni umarni ne?"

"Ina hwaɗa maka yadda za a yi ta tahi da rai. In ba haka ba, sai ku nemo wanda ya san inda kowace waya ka shiga."

Manjo ya dubi tarin wayoyin, ya dubi sojojinsa, ya ga babu mai alamar sani. Ya karɓi biro. Akawu ya rubuta, aka sa hannu, aka buga hatimi, Baffa ya karɓi takardar ya sa a aljihun gaba. Mariyatu ta kashe kwamfutar, ta ɗaura wa kowace waya ƙyalle mai lamba don kada su rikice. A nan idon Manjo ya faɗa kan jar fatar da ke ninke a kan buzu. Ya ɗaga ta yana juyawa.

"Wannan fa?"

"Rigarta ta."

"Kuna da wannan kuka bar ta haka? Ai wannan ce za ta burge baƙi. A mayar da murfi, a sa mata. Haka za a kafa ta ranar Asabar."

"Ranka shi daɗe, in tana kunne cikin rigar ga, zahi ka kashe katin. Monita guda za ta ɗauke. A bar ta buɗe, a sa mata hwanka."

"Ni zan kai wa manya abu hanji a waje? Ke dai yi abin da aka ce."

"Na dai hwaɗa maka."

"Na ji. Rufe."

Ta mayar da murfin, ta ɗaure kusoshi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ta sa mata rigarta, ta gyara kafaɗun, ta ƙulla igiyoyin da kyau yadda ba za su kwance a hanya ba. Sojoji suka kwashi akwati da monitoci, aka ture kwalayen banza gefe aka yi musu wuri. Motocin suka tashi.

Zauren ya yi faɗi. A kan teburin babu komai sai sawun ƙafafun monita biyu. Baffa yana zaune yana murza kafaɗarsa ta dama, ita kuma tana tsaye da sukundireba a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Mariya," ya ce, "minti nawa kinka ce takan yi cikin rigar?"

"Ashirin. Cikin rumhwa da rana, ƙila sha biyat."

"Su kuma jawaban nasu?"

"Ba su kasa awa biyu."

Ya jinjina kai a hankali, yana lissafin abin.

"To, kin dai hwaɗa mai gaban shaidu," ya ce.

Ya ɗauki littafin da ta ajiye a gabansa ɗazu, ya mayar da shi ɗakin baya cikin 'yan'uwansa, ya ja ƙofar ya datse kwaɗo. Sannan ya tambaye ta ko shekara biyun nan dole ne, ko kwamfuta ta biyu za ta fi sauri tunda yanzu hannunta ya saba.